Wa Ke Sallama? Magana A Kan Miƙa Kalmar Sirri

 

A wannan mako niyyata ita ce in yi maganar zakkar amfanin gona, tun da yake kaka ta yi, gero da riɗi sun shigo gida. Sai wani ɗan abu ya faru a gabana, na ga ya kamata in jingine waccan magana zuwa wani jiƙon. Abin ƙarami ne a ido, bai ɗauki minti biyar ba, amma ya hana ni sakat har na zauna na rubuta wannan.

A makarantar da nake koyar da Larabci a nan ƙasar Gagarawa akwai kwamfuta guda ɗaya a ofis. A cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobinsu na katin ɗan ƙasa da makin jarrabawarsu, da ita kuma ake yi musu rajistar jarrabawar fita. Shugaban makaranta ya damƙa kalmar sirrinta a hannun wani matashin malami, wanda ni na koya masa karatu yana yaro, yau kuma shi ke koya mini latsa wannan na'ura. Ran nan muna zaune yana shigar mini da makin ajina, sai ga wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar allon kwamfutar, da tambarinsa da komai, yana cewa wai na'urar tana bukatar kalmar sirrin mai iko da ita domin ta yi wani gyara. Ba mu taɓa komai ba, ba mu nemi komai ba. Kafin in ƙifta ido yatsun yaron nan sun kai kan maɓallai.

Na riƙe hannunsa na ce, "Dakata, ɗana. Wa ke tambaya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kwamfutar ce da kanta."

Na ce, "Wa ya gaya maka ita ce?"

Ya ce, "Ga shi nan ta rubuta."

To, jama'a, wannan amsa tasa ita ce dalilin wannan rubutu. Wanda ake tambayar ko wane ne, shi ne ya ba da shaidar kansa, mu kuma muka karɓa. Da a ƙofar gida haka ta faru, babu ɗayanmu da zai yarda. Kowane Bahaushe ya san in aka yi sallama a zaure, maigida ba ya fitowa da makullin rumbu a hannu. Yaro yake aikawa, ya ce masa, "Je ka ga wa ke sallama." In yaro ya dawo ya ce wani mutum ne, sai a sake mai da shi, a ce, "Ka ce in ji wa?" Ba a ɗauki wannan cin mutunci ba, baƙon ma bai ɗauka ba. Haka nan a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda dabbobi ke shigowa daga Nijar da sauran wurare, mai hankali ba ya ƙirga kuɗin sa ya miƙa wa mutumin da bai sani ba, sai ga dillalin da ya san mai dabbar, wanda za a kama in magana ta taso. Iyayenmu kuwa in za su aiki wani ya karɓo ajiya, sai sun haɗa shi da alama, watau wata magana da babu wanda ya san ta sai mai ajiya da wanda aka ba ajiyar. Duk wannan hikima muna da ita tun kaka da kakanni. Amma da zarar an zo kan gilashin kwamfuta ko na waya, sai mu ajiye ta gefe, kamar dai rubutun da na'ura ta fitar ba ya ƙarya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Masu ƙera kwamfuta sun raba iko a cikinta gida biyu. Akwai ikon mai aikin yau da kullum, wanda zai yi rubutu ya buga takarda. Akwai kuma ikon maigida, wanda zai iya shigo da sabuwar manhaja, ya canza tsarin na'urar, ya buɗe duk abin da aka kulle. Saboda haka in za a yi wani babban aiki, sai na'urar ta tsaya ta nemi kalmar sirri, don ta tabbata maigidan ne ya yi umurni. Wannan tsari ne mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne, allon kwamfuta kamar allon almajiri yake, duk mai tawada da alƙalami zai iya rubutu a kai. Kowace manhaja da ke cikin na'urar, ta kirki da ta banza, tana iya zana akwati mai kama da na gaskiya, launi ɗaya, tambari ɗaya, lafazi ɗaya. Shafin intanet ma yana iya zana shi. A nan ƙasarmu aka kafa tashar jirgin ƙasa ta layin da ya taso daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma dattawanmu da suka ga zamanin gyaɗa sun san ma'aikacin reluwe da kakinsa. Amma sun san kuma duk wanda ya kai wa tela yadi zai ɗinka masa kaki.

Su kansu masu ƙera na'urorin sun daɗe da sanin wannan rauni. Tun a 1993 kamfanin Microsoft ya sa a cikin Windows NT cewa mai son shiga sai ya danna maɓallai uku a tare, Ctrl da Alt da Delete, domin an tsara cewa in aka danna su babu manhajar da za ta amsa sai ainihin tsarin na'urar. Ma'anar wannan ita ce, kai ne za ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka sani, ba wata ƙofa ce za ta buɗe kanta ta kira ka ba. A 2007 kuma, da Windows Vista ta fito, suka ƙara da cewa in na'ura za ta nemi izinin maigida sai duk allon ya dusashe, akwatin kaɗai ya rage da haske. Wannan ya taimaka, amma mai iya zana akwati ba zai kasa zana duhu ba.

Kada kuma wani ya ce ai jahilai kaɗai ake kamawa da wannan tarko. A watan Mayu na 2017 ɓarayi suka shiga ɗaya daga cikin rumbunan da ake sauke wata sananniyar manhajar sarrafa bidiyo mai suna HandBrake, suka musanya ta da gurɓatacciya. Duk wanda ya sauke ta a kwamfutar Mac cikin waɗannan 'yan kwanaki, in ya buɗe sai ta nemi kalmar sirrin maigida. Cikin waɗanda suka rubuta mata har da Steven Frank, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin Panic a Amurka, mutumin da sana'arsa ke nan rubuta manhaja shekara da shekaru. Aka kwashe asirin aikin kamfaninsa, aka nemi kuɗin fansa, suka ƙi biya. Shi da kansa ya fito ya ba da labarin, kuma na yaba masa da bai ɓoye ba. A watan Oktoba na wannan shekara dai wani masani, Felix Krause, ya nuna wa duniya cewa manhaja a wayar iPhone tana iya fito da akwatin neman kalmar sirri wanda ido ba zai bambanta shi da na kamfanin Apple ba. A 2023 masu bincike suka bayyana wata muguwar manhaja da ake kira Atomic Stealer, wadda ake ba ɓarayi hayarta wata wata, babban makaminta kuwa shi ne wannan akwati na ƙarya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya sami kamfanin Uber a watan Satumba na 2022. Ɓarawo ya riga ya sami kalmar sirrin wani ma'aikaci, saura amincewar da ma'aikacin zai danna a wayarsa. Sai ya yi ta aiko masa da buƙatar amincewa, ɗaya bayan ɗaya, mutumin yana ƙi. Daga baya, kamar yadda ɓarawon ya faɗa da bakinsa, ya tuntuɓe shi ta WhatsApp a matsayin ma'aikacin sashen gyaran na'urori na kamfanin, ya ce masa in yana son saƙonnin su daina damunsa sai ya amince da guda. Ya amince. Ba wayo aka fi shi ba, gajiyar da shi aka yi. Mai naci a ƙofa ya sami abin da mai fasa katanga bai samu ba.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce, "Malam, mu ina muka ga kwamfuta?" To, ai tana aljihunka. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN a 2014, aka zo aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa mai sayar da riɗi da mai sayar da akuya karɓar kuɗi ta waya, dukiyar talaka ta koma bayan wasu 'yan lambobi huɗu ko shida. Akwatin da ya faɗo mana a ofis, shi ne dai yake zuwa maka da wata riga. Wani lokaci saƙo ne wai daga banki, an rufe asusunka, latsa nan ka sabunta. Wani lokaci kira ne, murya mai ladabi, ya san sunanka har da na mahaifinka, ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu. Wanda ya fi yawa a tsakanin malamai da 'yan ƙungiyoyi kuwa shi ne a kira ka da cikakkiyar sallama, a ce za a yi taron ƙungiya ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka faɗo ta a sa sunanka. Lambar nan guda shida makullin WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa an fitar da kai, wani ya zauna a mazauninka, da hotonka da sunanka, ya shiga aika wa 'yan'uwanka da ɗalibanka cewa kana asibiti da mara lafiya, a taimaka a turo kuɗi. Bankuna sun gaji da shelar cewa ba sa tambayar kowa lambar sirrinsa, amma har gobe ana faɗa wa.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta shafi wannan fili. Wani ɗan'uwa da na ba shi labarin nan ya ce mini, "Malam, wannan fa koya wa mutane mugun zato ne, alhali addini ya ce a kyautata zato." Maganarsa tana da nauyi, ba zan yi watsi da ita ba. Al'ummar da kowa ke tuhumar kowa ba ta zaunuwa. Ciniki ba ya yiwuwa, aure ba ya yiwuwa, ko jam'in salla ba ya yiwuwa sai da yarda.

Amma mu duba Suratul Hujurati. A aya ta 12 Allah Ya hana mu yawan zato, Ya bayyana cewa wani zaton zunubi ne. A aya ta 6 ta wannan sura dai, watau ayoyi shida kacal kafin waccan, Ya umurce mu da neman tabbaci in wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari. Sura ɗaya, umurni biyu, kuma babu karo a tsakaninsu, domin ɗaya yana magana a kan abin da zuciya ke ƙullawa game da mutum, ɗayan kuwa a kan abin da hannu zai aikata saboda labari. An hana ka yanke wa ɗan'uwanka hukuncin ɓarawo a ranka ba da hujja ba. Ba a ce ka miƙa makulli ba da hujja ba. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci cewa ayar ta sauka ne a kan Walidu ɗan Uƙba, da aka aike shi karɓar zakkar Banu Musɗaliƙ, ya tsorata da ya ga sun fito taryensa, ya juyo ya ce sun hana. Da aka bincika sai aka tarar mutanen suna nan a kan Musuluncinsu. A matsayina na malamin Larabci ina son in ja hankali ga abu biyu. Na farko, kalmar umurnin ta zo da ƙira'a biyu, ɗaya daga tabayyuni, watau neman abu ya bayyana, ɗaya daga tasabbuti, watau tsayawa a ƙi gaggawa. To, duka biyun ake bukata a gaban wannan akwati, ka tsaya tukuna, sa'an nan ka bincika. Na biyu, dalilin da ayar ta bayar ba cutuwar mai karɓar labari ba ne, cutuwar wasu mutane ne ta hannunsa cikin rashin sani, da nadamar da za ta biyo baya. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp sau da yawa ko kwabo bai rasa ba. Ƙanwarsa da ta tura kuɗin cefanenta ita ta rasa.

Wanda ya warware wannan mas'ala sarai shi ne Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Abu Musal Ash'ari ya zo ƙofarsa ya yi sallama sau uku, bai ji izini ba, ya juya. Da Umar ya tambaye shi dalili, sai ya ce haka ya ji daga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama. Umar ya ce sai ya kawo wanda zai shaida. Abu Musa ya tafi majalisar Ansar cikin damuwa, Abu Sa'idil Khudri ya taso ya shaida masa. A ruwayar Imamu Malik cikin Muwaɗɗa, Umar ya bayyana wa Abu Musa cewa ba tuhumarsa ya yi ba, tsoro ya ji kada mutane su riƙa ƙaga magana su jingina wa Annabi. Ku duba fa, sahabi ne babba, sananne, a gabansa yake tsaye ido da ido, amma aka nemi tabbaci, kuma ba a kira wannan mugun zato ba. Ina ga akwatin da ba shi da fuska, ba shi da dangi, ba wanda za a kama in ta ɓaci?

Akwai kuma hadisin Jabiru ɗan Abdullahi a Bukhari da Muslim. Ya zo wurin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, a kan maganar bashin da mahaifinsa ya bari, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aka tambayi ko wane ne, ya amsa da cewa shi ne, bai faɗi suna ba. Annabi ya maimaita kalmar tasa, alamar bai so amsar ba. Malamai suka ce domin amsar ba ta ƙara wa na cikin gida sanin komai ba, kowa ma zai iya faɗinta. Akwatin da ya rubuta cewa shi ne tsarin na'ura, amsar Jabiru ya bayar. Tambarin da ke jikinsa ma bai isa ba. Masu tarihi, cikinsu har da Ɗabari, sun kawo cewa a shekara ta 35 bayan Hijira mutanen Masar da ke komawa gida sun tare wani mahayi ɗauke da wasiƙa mai hatimin Sayyidina Usmanu, tana umurnin a hukunta su. Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba, ya kuma tunatar da su cewa ana kwaikwayon rubutun hannu, ana sassaƙa hatimi irin wani hatimi. Mu dai muna kame bakinmu daga abin da ya gudana tsakanin magabata. Amma kowa ya san irin ƙofar fitinar da ta buɗe bayan wannan wasiƙa.

To, yaya mutum zai yi, tun da ido ba ya bambancewa? A nan na ga babu abin da ya fi dacewa da mu irin ma'aunin malaman hadisi. Su ba su karɓar ruwayar majahuli, watau wanda ba a san ko wane ne ba, ba don sun ce maƙaryaci ne ba, sai don ba a san shi ba. Suna duba isnadi, suna duba matani. Isnadin akwati shi ne, daga ina ya taso? In ni na buɗe wurin saituna da hannuna, na ce a shigo da abu kaza, sai na'ura ta nemi izini nan take, to silsila ta sadu, farkonta hannuna ne. In kuwa ina cikin rubutu ya faɗo daga sama, ko kira ya shigo ban nema ba, silsila ta yanke. Mataninsa kuma shi ne, abin da ake nema ya dace da aikin? Mutumin HandBrake da hannunsa ya sauke manhajar, isnadi ya yi kyau a zahiri, amma me ya haɗa mai gyaran bidiyo da makullin gida duka? Me ya haɗa taron ƙungiya da lambar da aka rubuta a jikinta cewa kada a faɗa wa kowa? In ɗayan biyun nan ya yi rauni, sai a danna sokewa, a kashe kiran, a tashi a bi hanyar da aka sani, ko wurin saitunan na'ura, ko lambar da ke bayan katin banki, ko reshen banki a Gumel in ta kama a hau mota. Gyaran gaskiya yana jira, ba ya lalacewa don an ce masa sai gobe. Mai cewa yanzu yanzu ko ka yi asara, wannan gaggawar tasa ita ce shaidar farko a kansa.

Babban abin da ke kayar da mu, a ganina, ba jahilci ba ne, kunya ce. Muna jin nauyin mu ce wa mai sallama da ladabi ba mu yarda ba. Muna jin nauyin a ce ba mu waye ba, na'ura ta yi tambaya mun tsaya muna zare ido. 'Yan damfara sun karanci wannan hali namu sarai, shi ya sa suke zuwa da sallama da insha Allahu da ambaton sunan limamin unguwa. Ba sabon salo ba ne. Suratul A'arafi ta ba mu labarin cewa da rantsuwa da rigar mai nasiha Iblis ya zo wa Annabi Adamu da Hauwa'u. Samarinmu da suka mai da wannan sana'a, suna kiranta wayo, su sani sata ce, an kuma haɗa ta da cin amanar sallama, wadda asalinta alkawarin aminci ce.

Saura mas'alar lamuni, wadda ita ce za ta kai mutane gaban alƙali nan gaba, in ma ba ta fara ba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Malamanmu na Malikiyya sun kawo wata sura da ta yi kama da tamu ƙwarai a babin wadi'a. In wani ya zo wa mai riƙon ajiya ya ce mai kaya ne ya aiko shi, ya ɗauka ya ba shi, daga baya mai kaya ya musa ya rantse, babu kuma shaida, to mai riƙon ajiya zai biya. Kyakkyawar niyyarsa ba ta kuɓutar da shi ba, domin ya fitar da amana zuwa hannun da bai tabbatar ba. Kalmar sirrin makaranta, ko ta asusun masallaci, ko ta ƙungiyar manoma, ajiya ce a hannun wanda aka damƙa wa.

Sai dai ni ban ga a yi wa kowa kuɗin goro ba. Sakaci ana auna shi da al'ada da gwargwadon abin da mutum ya sani. Tsohuwar da aka yaudara ta karanto lambar asusunta, ba a taɓa yi mata bayani ba, wannan wadda aka zalunta ce, ba ta da laifi, kuma masu yi mata dariya su ji tsoron Allah. Dariyar nan ita ke sa mutane su ɓoye abin da ya same su har ɓarawo ya gama da sauran dangi, alhali da sun yi magana da wuri da an rufe asusu, an gargaɗi jama'a. Amma ma'ajin da aka zaɓa saboda iliminsa, aka gargaɗe shi, banki ya aiko masa da saƙo ba sau ɗaya ba, sa'an nan ya miƙa don kawai yana sauri, wannan ina ganin sunan sakaci ya hau kansa, ko da yake yanke hukunci a kan mutum ayyananne aikin alƙali ne bayan ya ji kowane ɓangare. Wanda ya damƙa amanar ma a tambaye shi, ya koyar kafin ya damƙa? Su kuma masu ƙera na'urorin suna da nasu kaso, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Na'urar da ke tambayar kalmar sirri safe da yamma, ba ta faɗin wa ke nema ko don me, ita ce ta horar da yatsun mutane su riƙa amsawa kafin hankali ya iso. Yaron nan na ofishinmu ba wawa ba ne. Sau ɗari ya amsa irin wannan tambaya lafiya lau, shi ya sa hannunsa ya riga tunaninsa.

Mai cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ya faɗa, amma ya tuna da mutumin da ya tambayi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Wannan sananne ne, ba sai na tsawaita ba.

A ranar dai mun soke akwatin, muka ƙarasa shigar da maki, babu abin da ya lalace. Bayan kwana biyu shugaban makaranta ya sa aka kira wani mai gyara daga Gumel. Ya zauna ya bincika, ya ɗago kai ya ce akwatin na gaskiya ne, manhajar na'urar buga takardu ce ke son sabunta kanta. Ya shiga wurin saituna da hannunsa, ya kira sabuntawar, akwatin ya sake fitowa, aka rubuta masa kalmar sirri, aiki ya kammala cikin minti uku.

Yaron nan ya dube ni yana dariya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ka gani ko? Ashe dai ita ce."

Na ce masa, "Na gani, ɗana. Abu Musa ma ai gaskiya ya faɗa."

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai mu koma kan zakkar riɗi da gero.